Yadda Magidanci Zai Tattala Ƙasa, Ruwa da Itace Tun Daga Tsakar Gidansa

Duk wanda ya ba shekara arba'in baya a ƙauyukan Kano da Jigawa zai iya tuna lokacin da yara kan fita bayan gari da hantsi, su dawo kafin azahar da ƙiraren da za su yi girkin kwana biyu, ba tare da an ɗora gatari a kan ɗanyen icce ba. Yanzu a garuruwa da yawa itacen girki sai an saya, kuma mota ce ke kawo shi daga dazukan da mu masu hura shi ba mu taɓa gani ba. Rijiyar da aka gada sai an yi ta ƙara wa gugarta igiya, jujin bayan gida kuwa, wanda a da dukiya ce da ake rububin kwasa zuwa gona, ya zama tarin leda. Ana ɗora laifin a kan sauyin yanayi da gurgusowar hamada, kuma akwai gaskiya a ciki, sai dai wani kaso mai yawa na wannan lalacewa daga gidajenmu yake tashi, shi ne kuma kason da ke hannun maigida da uwargida, wanda ba sai sun jira hukuma ba.

Gidan iyayenmu ba ya zubar da komai. Kara ya zama danga, danga idan ta tsufa ta shiga murhu, toka ta tafi juji. Dusa da harawa su shiga cikin awaki, kashin awaki ya hau jaki a mangala ya koma gonar da ta ba da karan tun farko. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya koyar a Zariya da Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru yana nazarin gonakin da ke kewaye da birnin Kano, waɗanda ake nomawa kowace shekara ba hutu amma ba su mutu ba, kuma abin da ya gano ke riƙe da su shi ne taki da dabbobi da bishiyoyin da manoma ke bari a tsakiyar gona. Abin da ya ɓata wannan tsari shi ne shigowar kayan da ƙasa ba ta iya ci, wato leda da roba da batir da gubar ƙwari, sannan da sare icce fiye da yadda yake tsirowa. Saboda haka aikin da ke gabanmu shi ne mu ware baƙin abubuwan nan gefe, mu mayar da sauran kan hanyarsu ta asali.

Shara da taki

A fara da raba shara gida biyu tun a tsakar gida, domin da zarar ta cakuɗe a juji babu mai haƙurin tsince ta. A rataye tsohon buhu a bakin madafa, a sanar da kowa, musamman yara, cewa duk leda da roba da gwangwani da fasasshen kwalba can za su shiga. Sauran sharar, irin su ɓawon gyaɗa da ƙaiƙayi da ganye da ragowar kayan miya da sharar turke, ita ce za a kai ramin taki.

Ramin taki ana haƙa shi ne a inuwa, nesa da rijiya, zurfinsa kamar mita ɗaya, faɗinsa kuma gwargwadon yawan dabbobin gidan. A shimfiɗa yankakken kara ko busasshiyar ciyawa a ƙasa kaurin tafin hannu biyu, a bi da kashin awaki ko na shanu ko na kaji tare da shimfiɗar turken da ta sha fitsari, domin a cikin fitsarin nan ne ake samun kaso mai yawa na sinadarin da ke sa hatsi ya yi kore, irin wanda muke saye da tsada a buhun yuriya. A barbaɗa toka kaɗan, a yayyafa ruwa har ya jiƙa amma kada ya kwanta, sannan a sake wani hawan kamar na farko har ramin ya cika, a rufe da ƙasa ko tsohuwar tabarma. Kada a zuba toka da yawa a kan ɗanyen kashi, domin tana korar wannan sinadari ya bi iska, kuma warin da ke bugun hanci shi ne shaidar asarar. Domin sanin ko aikin yana tafiya, a caka doguwar sanda a tsakiya, bayan kwana huɗu ko biyar a zaro ta a taɓa: idan da ɗumi da laima to takin yana nuna, idan a bushe take a ƙara ruwa, idan kuwa tana ɗoyi da yauƙi to ruwa ya yi yawa, sai a ƙara busasshen kara. A riƙa juya shi duk bayan mako biyu ko uku. Cikin wata biyu zuwa uku zai koma baƙi mai laushi mai ƙanshin ƙasar farkon damina, kuma zafin da ya yi a ramin ya kashe mafi yawan irin ciyawar da ɗanyen taki kan kai gona. Wanda ya fara bayan kaka zai iya fitar da rami biyu kafin ruwan shuka.

Akwai kuskuren da kusan kowa ke yi, ni ma na daɗe ina yinsa, wato kai taki gona tun watan Fabrairu a jibge shi ƙananan tsibi-tsibi, rana da iskar bazara su yi wata uku suna shanye ƙarfinsa. Gara a bar shi a rufe a gida sai damina ta kusa, ko kuma, idan gonar ta yi fako har ruwa ba ya shigarta, a yi abin da manoman Nijar ke kira tassa: a haƙa ƙananan ramuka faɗin ƙwarya a jere tun da rani, a tara ƙasar a gefen da ruwa ke gangarawa, a zuba taki cikin tafi biyu a kowane rami, a shuka gero ko dawa a ciki idan ruwa ya sauka. Gara kan bi takin ta huda ƙasa, ruwa ya sami hanyar shiga. Da wannan dabara ce Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya rasu a 2023, ya farfaɗo da ƙasar da kowa ya yanke ƙauna da ita. Kuma a daina cinna wa tushiya da ragowar kara wuta lokacin sharar gona, domin abin da ya tashi hayaƙi abincin ƙasa ne.

Buhun ledar nan kuwa, gaskiyar magana ita ce babu wata cikakkiyar mafita gare shi a ƙauye, shi ya sa rage shigowarta ya fi komai. A tafi kasuwa da kwando ko jakar kaba, a aiki yaro sayen koko ko awara ko mai da kwano mai murfi, domin zuba abinci mai zafi a baƙar leda ba alheri ba ne ga cikin mai ci. Robobi da gwangwanaye da tsofaffin ƙarafa 'yan jari-bola suna saye. Ledar ruwan sha a adana ta, za mu zo kan amfaninta wajen rainon dashe. Abin da ya rage a haƙa masa raminsa daban, nesa da rijiya da gona, a riƙa binnewa. Kada a ƙona ta a tsakar gida, kada kuma a bar uwargida ta riƙa kunna gawayi da ita, domin hayaƙinta guba ne, kuma yaron da ke goye a baya shi ne ya fi shaƙa. Na taɓa rasa tunkiya mai ciki wadda take cin abinci amma kullum ramewa take yi, cikinta a kumbure, muka yi ta ɗura mata magani a banza. Da aka yanka ta, mahauci ya zaro dunƙulen leda daga tumbinta wanda ya kusa cika ƙwarya. Duk mai kiwo a garinmu yana da irin wannan labari.

Guba a rumbu da gona

A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan ragowar maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, irin sinadarin da ke cikin fiya-fiya. Abin da ya kamata ya tayar mana da hankali shi ne waken da Turawa suka ƙi, mu ne muka ci shi, mu da 'ya'yanmu. Alhali ana iya ajiye wake da masara da gero shekara guda ba tare da ɗigon magani ba, ta hanyar hana ƙwari iska. Buhun PICS, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu na Afirka, yana da leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. A busar da hatsin sosai har ƙwaya ta riƙa ƙara idan aka ciza, a sheƙe shi, a hura ledojin a duba ko akwai huda, a zuba, a matse iska, a ɗaure leda ta ciki ita kaɗai, a ɗaure ta biyu ita kaɗai, sannan a ɗaure buhun. Ƙwarin da ke ciki za su shanye 'yar iskar da ta rage su mutu. A ɗora shi a kan katako nesa da bango saboda ɓera, kuma kada a riƙa buɗewa ana rufewa. Wanda za a ci a wata guda a ware shi daban. Wanda bai sami buhun ba, jarka mai tsabta da murfinta ke toshewa sosai tana yin aikin, matuƙar an cika ta har baki.

Ga mai ɗan lambu a bayan gida, 'ya'yan darbejiya sun isa maganin ƙwari da yawa. A daka busassun 'ya'yan kimanin rabin kilo, a jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, a tace da ƙyalle, a saka ɗan sabulu domin ya kama ganye, a fesa da yamma, a maimaita bayan mako guda. Idan kuwa dole ta sa an sayi maganin kanti, a bi ma'aunin da ke jikin kwalbar, a rufe hanci da jiki, kada a wanke injin feshi a bakin rijiya ko kududdufi. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku a juye ruwan a cikin injin, a huda ta, a binne. Ganin an zuba man gyaɗa ko ruwan shan ɗan makaranta a tsohuwar robar maganin ciyawa abu ne da ya kamata kowane maƙwabci ya yi magana a kai, ko da za a ji haushinsa.

Kayan miya kuma akwai dabarar da wani malami a Jigawa ne ya fito da ita duniya ta sani. Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse, ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda yaɗa tukunya cikin tukunya: a sa ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar yana bushewa yana janye zafin ciki, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa. A gwajinsa yalo ya kai kwana 27 maimakon uku. Ta fi aiki da rani, lokacin da iska take a bushe.

Ruwa

Rufin kwano gona ce ta ruwa da yawancinmu ba mu girbe ta. Lissafin mai sauƙi ne: ruwan sama milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. Ginin da tsawonsa ya kai mita 10, faɗinsa mita 5, idan aka yi ruwa mai milimita 20, wanda ba wani mamakon ruwa ba ne, zai zubo da lita 1,000, wato jarka 40 mai cin lita 25. A daminar da aka sami milimita 600 wannan rufin kaɗai ya zubar da lita 30,000, kuma a yanzu duk yana tafiya ne yana cin gindin katanga yana yanka lungu. A sa maƙeri ya lanƙwasa kwano ya yi makwarara a bakin rufin, a karkata ta zuwa duro ko tanki. A bar ruwan farko ya wanke ƙurar hunturu da kashin tsuntsu da na ƙadangare ya zube, haka ma somin kowane ruwa, sannan a tara. A ɗaure bakin duron da ƙyalle ko yankin gidan sauro, domin buɗaɗɗen duro cikin mako guda yake ƙyanƙyashe sauro. Na sha a tafasa shi ko a sa masa maganin tsarkake ruwa.

Ruwan wanka da na alwala da na wanke-wanke bai kamata ya fita ta rariya ya kwanta a lungu ba. A haƙa ɗan rami a inda yake fita, a cika da tsakuwa da fasasshen bulo, a dasa zogale ko gwanda ko ayaba a gefensa. Gida ya sami ganyen miya, maƙwabta su huta da kwatami. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu guda na ruwa, mudun wancan zamani wanda bai kai lita ɗaya ba, kuma wannan ya isa ma'auni ga mai sakin famfo yana zuba.

A watan Oktoban 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jihar farko a Najeriya da ta rabu da bahaya a fili, amma samun masai daban, haƙa shi a inda ya dace daban. A bar aƙalla mita 30 tsakaninsa da kowace rijiya, taka ko ta maƙwabci, kuma ya kasance a gangare, rijiyar tana sama. A yankunan fadama irin su Haɗeja da Auyo da Ringim, inda ruwa ke kusa kuma ambaliya ke yawan zuwa, kada a zurfafa ramin har ya kusa ruwan ƙasa. Gara a ɗaga bakinsa da gini. A yi masa murfi, a ajiye kwanon toka a gefe ana barbaɗawa bayan an gama, wari da ƙuda za su ragu.

Murhu

Murhun duwatsu uku da muka gada, kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ne kawai na zafin itacen yake shiga tukunya, sauran iska ce ke kwashewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida yana sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3 a duniya kowace shekara, kuma mu mun san su wane ne ke zaune a gaban murhu. Ban yarda da masu cewa kowa ya koma gas kawai ba, domin tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin komai ya tashi, har mutanen birni da yawa sun koma gawayi. Wanda yake da hali ya saya, ya kyauta. Ga sauran jama'a, abin da ke yiwuwa shi ne a dafa abinci iri ɗaya da itace kaɗan.

Murhun laka mai tsimin itace uwargida za ta iya gina shi da hannunta a yini guda. A samo yumɓu ko ƙasar suri, a haɗa da yankakkiyar ciyawa da ɗan kashin jaki ko na shanu, a kwaɓa a rufe ya kwana biyu ko uku ya tsumu. A kafa duwatsu uku yadda gindin tukunyar zai yi sama da ƙasa kamar tsawon tafin hannu, a ɗora tukunyar da aka saba girki da ita, a gina bango mai kaurin tafin hannu kewaye da ita har kusa da wuyanta, a bar tazarar yatsa guda tsakanin tukunya da bango domin hayaƙi ya sami hanya yana lasar jikinta. A yanke ƙofa ɗaya ta sa itace, a zare tukunyar, a shafe da ruwa, a bar shi ya bushe a inuwa kamar mako guda, a liƙe duk tsagar da ta fito. Kowace tukunya da murhunta, ta tuwo daban ta miya daban. Ba sai an gaya maka yawan abin da yake ragewa ba: ka ƙirga ɗaurin itacen da gidanka ya ci a mako kafin ginin, ka sake ƙirgawa bayansa, gani ya kori ji. Akwai kuma na ƙarfe irin su Save80 ga mai iya saye.

Sauran tsimin a ɗabi'a yake. A faskara itace ƙanana a bar shi ya bushe sarai, a rufe tukunya da murfi, a jiƙa wake tun dare, a haɗa kayan miya kafin a hura wuta, a zare itace a kashe da yashi da zarar an sauke. Shinkafa ko wake idan sun tafasa sosai ana iya sauke su a naɗe tukunyar da tsohon bargo a cusa a kwando, su ƙarasa nuna da zafinsu. A yi girki a rumfa ko madafa mai taga, ba a ƙuryar ɗaki ba. Game da gawayi kuwa a sani cewa kowane kilo guda ya ci itace kilo 5 ko fiye kafin ya zama gawayi, kuma manyan itatuwa masu ƙarfi irin su ƙirya da marke ake kayarwa dominsa.

Wajen gini, wanda zai sa kwano ya sa silin, ya fitar da bakin rufin ya rufe bango, ya yi tagogi masu fuskantar juna. Kuma kada a raina soron ƙasa, wanda kowa ya san ya fi sanyi da bazara ya fi ɗumi da hunturu, muddin ana yi masa yaɓe ana gyara indararo kafin damina. Mai sayen sola ya tuna araha ba ta ado, domin batir mai arha shekara guda yake mutuwa ya zama shara. Mataccen batirin sola ko na mota yawanci darma ce a cikinsa, gubar da ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010 ta hanyar ƙurar dutsen zinare. Kada a fasa shi a gida, kada a zubar da ruwansa a ƙasa, a mayar wa masu sayar da batir a yi musaya. Ƙananan batiran tocila ma a hana yara fasa su.

Bishiya

Tarayyar Afirka ta amince da shirin ganuwar bishiyoyi domin tare gurgusowar hamada a 2007, Najeriya ta kafa masa hukuma a 2015, kuma Kano da Jigawa suna cikin jihohi 11 da shirin ya shafa. Amma duk wanda ya ga yadda dashen bikin shekara-shekara ke ƙarewa a bakin awaki ya san cewa bishiyar da ke rayuwa ita ce wadda take da mai ita. Hanya mafi arha ma ba ta buƙatar dashe. A jihar Maraɗi, tun daga 1983, wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa duk shekara ba ciyayi ba ne, toho ne daga kututturen bishiyoyin da saiwarsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. Manoman can suka sa wa dabarar suna sassaben zamani, kuma an ƙiyasta ta dawo da bishiyoyi a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar. Yadda ake yi shi ne, lokacin sharar gona, idan ka zo kan kututturen kalgo ko sabara ko magarya ko aduwa ko gawo da ya yi toho goma, kada ka share duka. Zaɓi biyu zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, ka sare sauran, ka datse ƙananan rassan da ke rabin ƙasa na waɗanda ka bari da wuƙa mai kaifi, kana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Ka ɗaura musu tsumma domin mai neman itace ya san da mai su. Saboda tsohuwar saiwa ce ke ciyar da su, girmansu ya fi na dashe sauri nesa ba kusa ba, kuma abin da kake datsewa duk shekara shi ne itacen girkin gidanka. Wannan aiki yana son a yi shi da sanin mai unguwa da dagaci, a yi magana a masallaci, domin mutum ɗaya ba ya iya tsare gonarsa daga gatarin gari guda.

Gawo ya cancanci kulawa ta musamman, domin shi kaɗai ne yake zubar da ganyensa da damina ya yi kore da rani, saboda haka ba ya tare wa hatsi rana, ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin dabbobi ne, kuma kowane manomi ya ga yadda geron gindin gawo yake fin na sauran gonar. Ɗorawa da kuka da tsamiya da kanya da ɗinya kuwa yawancin waɗanda muke ci yanzu tsofaffi ne, ƙanana ba su da yawa a gonaki, sai an tashi an raine su da gangan. A nan ne ledar ruwan da aka tara za ta yi amfani: a yanke bakinta, a huda gindinta, a cika da ƙasa kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, a shuka iri a watan Maris ko Afrilu a inuwa, ana ba da ruwa. Iri mai taurin ɓawo irin na kuka da ɗorawa da gawo sai an ɗan kankare gefensa ko an jiƙa shi a ruwan zafi ya kwana kafin ya tsiro da wuri.

A cikin gida a lura da wuri. Darbejiya tana ba da inuwa mai kyau, amma a nisanta ta da bango da masai kamar taku bakwai ko fiye saboda saiwarta, kuma a dasa ta ta yamma da ɗaki domin ta tare ranar la'asar. Itacen turare yana da saurin girma yana ba da itacen rufi, sai dai shan ruwansa ya yi yawa, ban ba da shawarar a sa shi kusa da rijiya ko a tsakiyar gona ba. A iyakar gona a dasa gamba, tana riƙe ƙasa daga zaizaya tana ba da zana.

A yi dashe idan damina ta kankama, a watan Yuli, ba a ƙarshenta ba. A haƙa rami zurfin gwiwa, a haɗa ƙasar sama da taki a mayar, a yage ledar a cire ta gaba ɗaya ba tare da an fasa ƙasar saiwar ba, a dasa da yamma, a danne, a bar ɗan kwari kewaye da gindin domin ya tare ruwa. Ranin farko shi ne jarrabawa. A binne tsohon tulu ko ƙaramar tukunyar ƙasa har wuya a gefen dashen, a riƙa cika ta duk bayan kwana uku ko huɗu a rufe bakinta, ruwan zai riƙa tsattsafowa kai tsaye zuwa saiwa ba tare da rana ta shanye shi ba. Ruwan alwalar gidan ma ya isa. A lulluɓe gindin da busasshiyar ciyawa amma kada ta taɓa jikin dashen, saboda gara. A kewaye shi tun ranar farko da ƙayar magarya ko bagaruwa, ko a jera bulo da tazara, kuma kada a cire kariyar sai kan bishiyar ya wuce inda bakin akuya ke kaiwa idan ta miƙe a kan ƙafafunta na baya, wanda a darbejiya yakan ɗauki kamar shekara biyu, a tsamiya da ɗorawa kuwa ya fi haka.